Ƙafar Mama Martina

A cocin Hausa da ke Mile 2, cikin Diobu, babu wanda ya kama ƙafar Nehemiah wajen iya ba da shaida. Idan ya karɓi makirufo sai ka rantse Allah ba shi da wani aiki a duk faɗin Fatakwal sai hidimar gidansa. Ranar Lahadin da abin ya fara, ya miƙe cikin farar shadda, matarsa Marvelous tana gefensa tana kaɗa hankici, ya sanar wa ikilisiya cewa mahaifiyarsa, Mama Martina, ta warke daga ciwon suga. Ya ce sun yi azumi, sun shafa mata man zaitun, gyambon da ya hana ta takawa ya bushe ƙayau. Ya ce daga yau sun yi sallama da asibiti, sun zubar da allura, domin gidan da ke da babban Likita na sama ba ya bin layin karɓar kati. Coci ya ɗauki tafi, matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocin, suka buga tulun kiɗa, wata tsohuwa har da hawayenta.

Mutum ɗaya ce aka manta ba a gaya wa ta warke ba, wato Mama Martina. A lokacin tana gida zaune a kan tabarma, tana korar ƙuda daga ƙafarta ta hagu.

Gaskiyar maganar ita ce gyambon ya ɗan yi ɓawo a sama, saboda wata nas tana wanke shi a kai a kai. Wata gaskiyar kuma ita ce zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, kuma sunan Nehemiah yana cikin waɗanda ake ambata. Mutumin da addu'arsa ta kori ciwon suga, wa zai hana shi kujera?

Da yamma suka dawo gida, gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna. Mama Martina ta jira ɗanta ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta ce, “Nehemiah, gobe ne fa ranar wankin ciwo. Nas ta ce kada in tsallake. Allurar ma ban gan ta a inda nake ajiyewa ba.”

“Wane ciwo, Mama? Ai kin warke.”

“Na warke?”

“Na faɗa a gaban ikilisiya. So kike in koma in ce wa mutane Allah ya fasa?”

Marvelous, wadda a Fatakwal aka haife ta, Hausarta ba ta tafiya sai da ɗan rakiya, ta saka baki. “Mama, abeg, kada ki buɗe wa Shaiɗan ƙofa da bakinki. Abin da mutum ya furta shi yake gani. Ki ce na warke.”

“To, na warke,” in ji tsohuwar. Ta dubi ƙafar. “Sai dai ita ba ta ji ba.”

Babu wanda ya yi dariya. Washegari Marvelous ta dawo daga kasuwar Mile 3 da magani, farar safa mai kauri irin ta ’yan makaranta. Ta kwance bandejin ta jefa a kwata, ta tsiyaya man zaitun a kan ciwon, ta zura safar. Bandeji, in ji ta, alamar rashin bangaskiya ne, kuma maƙwabta suna da ido. Ita kuwa safa alamar sanyi ce kawai, ga shi damina ta kankama.

Mama Martina ba mace ce mai raina addu'a ba. Tun kafin a haifi Nehemiah take waƙa a zumuntar mata, ta binne miji da ’ya’ya biyu ba ta daina ba. Kullum da asuba takan gaishe da Ubangiji kamar yadda ake gaishe da babban wa, ta ba shi labarin jikinta ba tare da kwana-kwana ba. Ta yarda zai iya busar da gyambon cikin ƙiftawar ido. Abin da ta kasa ganewa shi ne dalilin da zai sa Allahn da ya halicci nas ya ji haushi don an je wurin nas.

Ɓawon ya jiƙe ya faɗi. Ciwon ya fara ruwa, safar ta fara manne masa, cire ta ya zama aikin kuka. Ƙishirwa ta dawo, fitsari ya dawo, idonta ya fara ganin hazo. Sannan wari ya iso. Da farko Marvelous ta ɗora laifin a kan kwatar tsakar gida, ta yi faɗa da duk wanda ya zubar da ruwan wanki. Da warin ya ƙi barin falo, sai Ruhu ya bayyana wa Nehemiah cewa mahaifiyarsa tana bukatar wuri mai shiru domin ta keɓe da Allah. Wurin mai shirun shi ne sito na bayan gida, inda ake ajiye janareto da jarkokin kananzir. Aka shimfiɗa mata katifa a gefen buhun gari, aka raɗa wa wurin suna ɗakin addu'a. Taga ɗaya ce gare shi, ta nan baƙin hayaƙin garin yake shigowa ya kwanta mata a kan farar safar.

Tagar tana kallon inda Rabi take tuya waina. Rabi matar wani mahauci ce da ke aiki a mayankar Trans-Amadi, Musulma ce, bakinta kuma ba ya ajiye magana ta kwana. Wata safiya ta leƙo da kofin kunu, ta ja da baya, ta sake leƙowa.

“Mama, ina kwana. Wallahi wannan ƙafar ba ta gida ba ce. Ki gaya wa mutanen cocinku mana.”

“In tona wa ɗana asiri, ’yata?”

“To shi ya rufa miki naki ne?”

Mama Martina ta karɓi kofin tana juya shi. “Shi kaɗai ya rage mini. Idan aka ce ya yi ƙarya a gaban bagaden coci, ina zai sa kansa a garin nan? Zan jure. Allah yana gani.”

Rabi ba ta iya juriya irin wannan ba. Ta tare Nehemiah a bakin ƙofa yana shirin tafiya aiki, taye a wuya, turare yana tashi.

“Malam Nehemiah, don girman Allah ka kai tsohuwar nan asibiti.”

Ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai je makaranta ba. “Maman Salisu, na gode da kulawa. Amma wannan maganar bangaskiya ce, ba za ki gane ba.”

“Ni ban gane ba. Hancina dai ya gane.”

“Gwaji ne. Bayan mu'ujiza dole Maƙiyi ya kawo alamun ƙarya don ya girgiza mutum.”

“Alamun ƙaryar ne suke tara ƙuda?”

Ya duba agogonsa, ya ce ita ma zai sa ta a addu'a. Daga ranar aka rataya wa tagar sito tsohon labule, wai don kada hayaƙin waina ya dami mai addu'a.

Ana nan sai matan zumunta suka aiko cewa za su zo ranar Alhamis su taya Mama murna, tunda har yanzu ba a gan ta a sujadar coci ba. Marvelous ta tashi tsaye. Ban taɓa jin surukar da ta yi wa uwar miji hidima irin ta wannan rana ba. Ta yi mata wanka, ta shafa mata hoda, ta ɗaura mata zanen zumunta, ta zura mata safa biyu a ƙafa ɗaya. Aka ɗauko ta aka dasa a kujerar falo, aka juya fanka tana hura iska ta taga. Sannan Marvelous ta kafa kasko a bakin ƙofa ta shiga suyar kifi, ta bar shi ya ɗan ƙone da gangan. Duk wanda ya shigo gidan ba abin da zai shaƙa sai kifi.

Mata suka cika falon. Shugabarsu, Mama Rahama, doguwa mai furfura, ta zauna kusa da Mama Martina ta kama hannunta.

“’Yar'uwa, sannu. Yaya jiki?”

Mu dai mun san kanmu. A wurinmu wannan tambaya amsarta ɗaya ce tak. Mai zazzaɓi da sauƙi, mai karaya da sauƙi, wanda ake ɗiga wa ruwa a baki da cokali shi ma da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kada majiyyaci ya ɗora wa mai gaisuwa nauyi, kada kuma ya zama kamar yana ƙorafi a kan Mahaliccinsa. Al'ada ce mai kyau, har ranar da mugu ya gano cewa zai iya ɓoye mutum sukutum a bayanta. Nehemiah ya san uwarsa. Bai ma gargaɗe ta ba, ya tsaya kawai a jikin ƙofa ya harɗe hannu.

Mama Martina ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. “Da sauƙi. Mun gode Allah.”

“Amma jikinki da zafi,” in ji Mama Rahama.

Marvelous ta leƙo da cokalin suya a hannu. “Mama Shugaba, na fire of God! Tun ranar da ta warke haka jikinta yake, wutar Ruhu ce.”

Aka ce haleluya. Aka yi waƙa, aka ci kifi, aka yaba wa Marvelous, wata ma ta ce da kowace suruka haka take da an huta. Mama Rahama ce kaɗai ta waiwaya sau biyu kafin ta fita. Ƙafar baƙi ba ta gama barin layin ba aka kwance zanen zumunta aka ninke, aka mayar da mai mu'ujiza ɗakin addu'arta.

Daga nan abin ya yi gudu. Yatsu biyu suka yi baƙi. Zafin da ke hana ta barci ya ɗauke daga yatsun, ta san kuwa ba sauƙi ba ne, mutuwa ce ta fara daga ƙasa. Kumburi ya haura idon sawu. Zuwa bayi ya koma rarrafe, takan jira tsakar gida ta yi shiru don kada a gan ta. Ta sake roƙon ɗanta, wannan karon da hawaye.

“Nehemiah, ko kemis ne ka kai ni. Ba sai kowa ya sani ba.”

“Mama, mai kemis ɗin layin nan ɗan cocinmu ne.”

“To a kai ni na nesa.”

“Ki ƙara haƙuri. Bari a wuce godiya da zaɓe, sai mu ga abin da Ubangiji zai ce.”

Ashe Ubangiji ma sai an gama zaɓe yake magana. Godiyar da yake nufi ita ce ta iyali, wadda ya sa a Lahadin da ke gaban zaɓe, domin ikilisiya ta ga mu'ujiza da idonta. An ɗinka anko, an sayi doya da akuya, an buga hoton Mama a jikin hankici. Marvelous ta sayo mata sabon takalmi mai faɗi, duk da haka na hagun ya ƙi shiga sai da aka tsaga bayansa da reza.

Da safiyar ranar, Rabi ta ɗaga labulen tagar ta same ta a shirye, an yi mata kwalliya, gumi yana wanke hodar.

“Mama, a haka za su kai ki?”

“A haka.” Muryarta ta yi ƙasa. “Rabi, na daɗe ina roƙon Allah ya warkar da ni, bai yi ba tukuna, shi ya san dalili. Yau ƙaramin abu na roƙe shi. Na yi ƙarya a falo, ya gafarta mini. Na ce ya riƙe mini harshe kada in yi ta a gidansa.”

Al'adar godiya ita ce iyali su taso daga ƙofar coci da rawa har gaban bagade. Nehemiah ya riƙe hammata ɗaya, Marvelous ta riƙe ɗayar, suka ɗaga tsohuwar suna rausaya, ƙafarta ta hagu tana jan ƙasa. Daga nesa abin gwanin sha'awa, ka ce ƙauna ce ta hana su sakin ta. Aka zaunar da ita a kujera a gaba. Nehemiah ya maimaita shaidarsa, har ta ƙara kiɓa, yanzu likitoci ma sun yi mamaki. Da ya gama, fasto ya karɓi makirufo ya sunkuya wurin tsohuwar da fara'a, ya yi mata tambayar da kowa ya san amsarta.

“Mama, yaya jiki?”

Ta riƙe makirufon da hannu biyu. Nehemiah ya riga ya ɗaga hannu zai fara tafi.

“Babu sauƙi,” in ji Mama Martina.

Mai buga tulu ta tsaya da hannu a sama. A cocin nan an sha jin mutane suna furta zunubai iri-iri, amma ba a taɓa jin majiyyaci ya ce babu sauƙi ba.

“Ban warke ba. Ƙafata tana ruɓewa. Tun ranar da aka ce na warke ban ga allura ba, ban ga nas ba. A sito nake kwana.”

“Zazzaɓi ne yake sa ta magana!” Nehemiah ya kai hannu zai karɓe makirufon.

“Wane zazzaɓi?” Mama Rahama ce ta miƙe daga layin mata. “Ba kun ce wutar Ruhu ce ba? Bar ta ta gama.”

Marvelous ta fara tsalle tana addu'ar ɗaure Shaiɗan da Turanci. Mama Martina ba ta ko dube ta ba. Ta sunkuya za ta cire safar, hannunta ya kasa, ga shi ta manne. Mama Rahama ta zo ta durƙusa a gabanta da zanen zumuntarta, ta zare takalmin, ta bi safar a hankali tana ɓamɓarewa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Layin gaba suka toshe hanci, fasto ya ja da baya, wata yarinya a cikin mawaƙa ta fashe da kuka. Yau babu kifin da za a soya.

“Ku duba da kyau,” in ji tsohuwar. “Ban daina gaskata Allah ba, ko yanzu ina gaskata shi. Ya riƙe ni a abin da ya fi wannan. Amma Allahn da nake bauta wa ba ya bukatar a yi ƙarya don a rufa masa asiri. Ubangijinmu ma da ya tashi bai ɓoye raunukansa ba, nunawa ya yi.” Ta juya wurin ɗanta, hawaye suna zubo mata. “Ka yafe mini, Nehemiah. Na yi shiru saboda kai har na gaji. A nan ba zan iya ba.”

Ba a karɓi baiko ba a ranar, wato sadakar da ake tarawa a coci. Matan zumunta suka ɗauke ta a hannu, suka tare keke mai ƙafa uku a bakin titi, akuyar godiya tana ɗaure a jikin bishiya tana kallonsu. A asibiti likita ya duba ƙafar, ya tambayi wanda ya bar ta ta kai haka. Ya ce da an zo da wuri da wanki da allura sun isa. Yanzu kuwa sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa, in ana son ranta. Aka yanke.

Mai karatu zai so ya ji cewa Nehemiah ya sha kunya ya bar gari. Ina! Lahadin da ta biyo baya ya sake karɓar makirufo, ya yi kuka har da majina, ya ce Maƙiyi ya ɓoye ciwo a ƙarƙashin mu'ujiza, amma Allah ya tona shi a daidai lokaci, a gaban bagade, ta bakin mahaifiyarsa. Ya ce da ba don godiyar da ya shirya ba da yanzu ana zaman makoki. Aka tafa. An ɗan ɗaga zaɓen don ƙura ta lafa, da aka yi kuwa ya samu kujerarsa, domin mutane sun ce mutum mai saurin kuka a gaban Allah shi ya dace da shugabanci.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Tsohuwar nan ba rashin magani ne ya cinye mata ƙafa ba, maganin yana nan, a kwata aka zuba shi. Ba Allah ne ya ƙi ji ba. Ɗan da ta goya ne ya ga cewa sunansa ya fi ƙafar uwarsa tsada, ya naɗe son kansa a cikin sunan Yesu, mu kuma muka buga masa tulu. Muna son shaida mai daɗi fiye da yadda muke son mai shaidar. Gidaje nawa ne a Diobu, da Onitsha, da Inugu, suke da irin wannan ɗakin addu'ar a bayan gida, da tsoho a ciki yana cewa da sauƙi?

Mama Rahama ta ce idan an sallame ta gidanta za ta wuce, ba ta kuma nemi shawarar kowa ba. Rabi takan zo asibitin da kunu marar suga. Wata rana da rana ta same ta zaune a kan gado, zane ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa.

“Mama, yaya jiki?”

Tsohuwar ta ɗan yi tunani, kamar mai duba amsar kafin ta bayar. “Ƙafa dai ta tafi, kuma ina kewarta. Amma da sauƙi, ’yata. Wannan na gaskiya ne.”

Suna cikin haka sabon dattijon ikilisiya ya shigo da ledar lemo, ya gaishe da uwarsa da ladabi, ya zauna a bakin gado. Ya ce yana tunanin idan ta fito a shirya wata godiyar, babba, a turo ta a keken guragu har gaban bagade, duniya ta ga yadda Allah ya ceci ranta.

“Allah kam ya cece ni, kuma zan gode masa ko a ina,” in ji Mama Martina. “Ka shirya, zan zo. Sai dai idan aka miƙo mini makirufo, ka san ni yanzu.”

Har yau ba a sa ranar godiyar ba.